Gurbin Hagu

Daga Shika muka taso ran Laraba,
Ruwan daren jiya bai gama tsanewa ba.

Da sikeli da tef a bayan mota,
Da fom ɗari, kowanne da tasa lamba.

Aikinmu rajistar 'yan biyun ƙasar nan,
Waɗanda ba su wuce zaman aji ba.

Likita ya ce: ciki ɗaya, nono ɗaya,
Inda jiki ya saɓa, nan za a duba.

Me ya sa asma ta shaƙe Hassan,
Ta wuce Husaini, ba ta ko gaishe shi ba?

Abin da aka gada da abin da aka tarar,
Tagwaye ne faifan da zai raba.

A firamaren Tudun Jukun, gindin darbejiya,
Malam Barau ya ce 'yan biyu su matso gaba.

Ashirin da biyu suka jeru bibbiyu,
Wasu an tsaga kara, wasu ba su ko yi kama ba.

Hassan bakwai na rubuta kafin hantsi,
Biro ya gaji, suna bai sauya ba.

Dole na koma ga laƙabin gida:
Ga Na-Goggo, ga Zangwai, ga Mai-ƙiba.

Dudu mai awara ta leƙo ta katanga:
"Jinin 'ya'yan namu za ku ɗiba?"

Na ce awo ne, tsawo da nauyi da numfashi,
Kuma ba ma ɗaukar wanda uwa ba ta yarda ba.

Ta ce, "To lallaɓa su dai, 'yar nan,
In sun yi fushi tukunyarki ba za ta tafasa ba."

Na yi dariya. Ni Gambo ce a ɗakinmu,
Da rigimar 'yan biyu tun a goye na saba.

Can ƙarshen layi wata ta tsaya ita kaɗai,
Riƙe da silifa, ba ta ce uffan ba.

Na ce, "Ina ɗayar?" Ta ce, "Usaina nake.
Hassana ta rasu bara, cikin Satumba.

Zazzaɓi ɗaya ya kai mu Ƙofar Gayan,
Ni na tashi, ita ba ta tashi ba.

An ce ku ne masu neman dalili.
Ku rubuta mu. Ko rabi ba ya samun lamba?"

Fom ɗin gurbi biyu ne, hagu da dama,
Wanda ya tsara shi bai tuna da kushewa ba.

Ƙa'ida ta ce dukansu su hau sikeli.
Malam Barau na ta goge tabarau, bai ɗago ba.

Na ɗora ta, allura ta yi rawa ta tsaya:
Ashirin da ɗaya, bai cika da rabi ba.

Na cika dama har ƙasa, na dawo hagu,
Suna na sa, ban san me zan ƙara ba.

Ta ce, "Ta fi ni tsawo da yatsa biyu,
Akwai zanen gawayi a zaurenmu, ba a goge ba."

Da la'asar muka biyo ta Kwangila,
Direba na mita, motoci ba su matsa ba.

Fom goma sha ɗaya na cikin akwati,
Na sha biyun yana jakata, ban miƙa ba.

Kwamfutar ofis ba ta karɓar gurbi fanko,
Za ta yi ja, ta ce aiki bai kammala ba.

Amma tambayar da likita ya aiko mu da ita,
Yarinyar nan ta riga shi, ba ta sami amsa ba.

Gobe zan nemi zauren, da tef a hannuna,
In yi sallama, in jira, ba da gaggawa ba.

In innarta ta yarda, in durƙusa gaban bangon,
In auna Hassana. Gawayi bai yi ƙarya ba.